Matakala uku a bayan gida

A shekararmu ta biyu a jihar Minnesota ta Amurka muka koma wani gida mai dandamalin katako a bayansa, tsayinsa inci 21 daga ƙasa, ba matakala. Yara dirowa suke yi abinsu. Hajiya kuwa, mahaifiyata, da ta zo mana da ciwon gwiwa, sai dai ta tsaya daga baki. "Ni da lambun nan sai ido, ɗan nan," in ji ta. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ban taɓa riƙe zarto ba kafin zuwana Amurka, amma a nan ƙaramin aiki irin wannan maigida ne ke yin abinsa. Maƙwabcina, wani dattijo tsohon kafinta, shi ya ɗora ni a hanya. Kafin in sa shebur a ƙasa ya sa na kira 811, lambar wayar da ake kira kafin a yi haƙa, aka zo aka yi alamar inda wayoyi da bututun gas suka bi. Ya kuma nuna mini ƙa'idar gini: hawa ɗaya kada ya wuce inci 7¾, wurin taka ƙafa kada ya gaza inci 10. Na raba 21 gida uku, inci 7 kowanne.

Ƙasar ce ta fi ba ni mamaki. Da sanyi ruwan cikinta kan daskare ya kumbura, ya ɗaga duk abin da ke kai. Shi ya sa a yankin Minneapolis, birni mafi girma a jihar, ake nitsa ginshiƙan dandamali inci 42. Na zuba tsakuwa na daddale, sannan na ɗora kankare inda matakalar za ta zauna.

Duk da haka na yi kuskure. Da na yanke allunan gefe, na manta in rage kaurin katakon da ake takawa, inci ɗaya da rabi, daga gindinsu. Hawan farko ya zama 8½, na ƙarshe 5½. Dattijon ya taka sau ɗaya ya girgiza kai, ya ce ƙafa tana haddace hawan farko ne, in na gaba ya saɓa sai tuntuɓe. Na kwance komai, na rage gindin, na shafe inda na yanka da maganin ruɓewa, na ɗaure da sukuru marasa tsatsa.

Dokar ba ta tilasta mariƙin hannu sai hawa ya kai huɗu. Na sa shi saboda Hajiya. Da yamma ta kama shi ta sauko a hankali, ta cire takalmi ta taka ciyawar, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka."