Daga Trabzon zuwa kwaramen kifin ruwan sanyi

Da sassafe muka bar Trabzon, muka bi gaɓar Baƙin Teku har garin Of, sannan mota ta karkata cikin duwatsu ta hanyar Uzungöl. Gonakin shayi ta ko'ina, hazo ya sauko har kan titi. Ni da na tashi ina kiwon tarwada a zafin Kano, abin da ya kawo ni Turkiyya shi ne in ga kifin ruwan sanyi da suke kira alabalık, nau'in da ake ce wa rainbow trout da Turanci, wanda asalinsa daga kogunan yammacin Arewacin Amurka ne.

Gonar da muka sauka dogayen kwarame ne na siminti, ruwan dutse na shiga ta kai yana fita ta ƙasa. Na tsoma hannu, sai da yatsuna suka ƙage. Wannan kifi ya fi son ruwan da bai wuce digiri 16 ba. Da ya haura 20 iskar cikin ruwa ta ragu, ya rage ci, girma ya ja baya.

Tambayata ta farko furotin nawa ne a abincinsu. Dattijon mai gonar ya juya buhu, ya ɗora yatsa kan layin bitamin C da E. Ta bakin tafinta ya ce zafi, cunkoso da yawan kamawa suna sa jikin kifi ya tara wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bitamin E ke tsare kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin, bitamin C kuma ya farfaɗo da shi idan ya ƙare aiki. Kifin ba ya iya haɗa bitamin C a jikinsa, tarwada ma haka. In babu shi a abinci sai ƙashin baya ya lanƙwashe, rauni ya ƙi warkewa.

Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna ƙananan tarwada masu karkataccen baya da nake tsincewa ina zargin iri, alhali buhunan abincina wata da watanni suke yi ƙarƙashin rufin kwano mai zafi, man da ke cikin abincin na lalacewa, bitamin na ƙonewa. Ɗakin ajiyar dattijon kuwa sanyi da duhu, buhu bisa katako, kowanne da ranar da ya shigo.

A hanyar komawa na kira yarona na ce ya kwashe buhunan nan daga shago kafin azahar.