Kujerar Talaka a Majalisa: Abin da Muka Gane a Makare

Ƙannenmu masu son tsayawa takara da sunan talakawa, duk wanda ya taso a Kano da wannan ra'ayi sunan Malam Aminu Kano yake fara kamawa. Mu ma haka muka yi. Sai dai mun haddace kalamansa, muka bar lissafin tafiyarsa, kuma a nan muka yi ta tuntuɓe.

Ku dubi shekarun. An kafa NEPU, jam'iyyar da Malam ya jagoranta, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. A 1954 Malam ya nemi kujerar majalisar tarayya, Maitama Sule na NPC, jam'iyyar masu mulkin Arewa, ya kayar da shi. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas, a zaɓen 1964 kuma ta kuɓuce masa. Wato mutumin da ake ambato a kowane lungu, zango ɗaya ya yi a majalisar wakilai. Yawancin ƙarfinsa a ƙasa ya zuba shi: kafa rassa, sayar da katin jam'iyya, da bin magoya baya kotun alƙali da gidan yari.

Kuskurenmu mafi tsada shi ne ɗaukar cikar fili a matsayin ƙuri'a. NEPU ta ɗanɗani wannan tun 1951, lokacin da ake zaɓe hawa-hawa: ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe an tace ta. Yau matatar ita ce tsakanin akwati da wurin tattara sakamako. Don haka kafin ka buga fosta ko ɗaya, samo jerin akwatunan mazaɓarka, ka rubuta sunan wakili a gaban kowanne. Wakilin ya zama ɗan unguwar, mai karatu, wanda jam'iyya ta miƙa sunansa ga INEC a kan lokaci. Abincinsa da ruwansa da cajin wayarsa a wuyanka suke, domin wakilin da yunwa ta kama da la'asar tashi yake yi, ko wani ya ciyar da shi. Kada ya gusa sai an ƙirga a gabansa, ya sa hannu a takardar sakamakon akwatin, wato EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonta, sannan wani na biyu ya bi ta zuwa cibiyar mazaɓa. Kwana 21 kacal doka ta ba ka daga bayyana sakamako ka shigar da ƙara. Lauyan da ba ka ba shi waɗannan takardu ba, ko ya fi kowa iya magana, hannu rabbana zai dawo.

In Allah ya ba ka kujerar, ka san kai ɗaya ne cikin 360 a majalisar wakilai, ko cikin 40 a majalisar dokokin jihar Kano. Mun daɗe muna tafa wa mai tashi ya yi zazzafan jawabi, muna zaton aiki ya yi. Ƙudurin da aka amince da shi a zaure, in ba na doka ba ne, shawara ce kawai ga gwamnati, ba ya tilasta kowa. Abin da ke ɗaure gwamnati doka ce da kasafin kuɗi. Daftarin doka kuwa sai ya wuce karatu na ɗaya, da na biyu inda ake muhawara, ya shiga kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, ya dawo karatu na uku, majalisar dattawa ta amince, sannan ya je gaban shugaban ƙasa mai kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. Yawancin daftari a kwamiti suke mutuwa, ba don an ƙi su ba, sai don mai su bai bi sawu ba. Ka san akawun kwamitin da sunansa. Ka zauna lokacin kare kasafi da takardar bara a hannu, ka tambayi nawa aka ware wa asibitin unguwa, nawa aka saki, ina sauran.

Sai batun ƙawance, wanda muka riƙa ɗauka cin amana ne. Bayan zaɓen 1959, jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, abokiyar tafiyar NEPU, ta kafa gwamnati da NPC, Malam kuma ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, yana zaune da waɗanda yake yaƙa a gida. Ana iya yi masa gardama a kan haka, kuma an yi. Amma ku tuna Balarabe Musa: PRP, jam'iyyar Malam ta wancan lokaci, ta ba shi gwamnan Kaduna a 1979, abokiyar hamayyarta NPN ke da rinjaye a majalisar jihar, ta hana shi kwamishinoni, ta tsige shi a 1981. A daidai lokacin PRP ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, kuma har Malam ya rasu a Afrilun 1983 ɓarakar ba ta ɗinke ba. Ka rubuta tun yanzu abubuwa biyu ko uku da ba za ka sayar ba, sauran ka yi ciniki a kansu a fili, jama'arka na sane.

Ƙofar gida ita ce ke cinye ɗan majalisar talakawa a ɓoye. Da asuba za ka tarar da mai takardar magani, da mai kuɗin makaranta, da mai suna gobe, kuma duk gaskiya suke faɗa. Mun ga yadda rabon hannu da hannu ke jefa mutum bashi, bashin ya kai shi hannun ɗan kwangila, daga nan bakinsa ya mutu a kwamiti. Ka buɗe ofis a mazaɓa, da rajista da ma'aikaci, ka yanke abin da za ka iya fitarwa duk wata, ka sa dattawan unguwa uku su riƙa tantancewa. Ayyukan mazaɓa ma'aikatun gwamnati ne ke aiwatar da su, don haka ka liƙa sunan aikin da kuɗinsa da ma'aikatar a bangon ofis, duk wata uku ka tara mutane ka karanta musu inda aka kwana.