Yau na kai Baba laburaren Kashim Ibrahim

Laraba, bayan isha'i.

Ƙafafuna ciwo suke min amma wallahi ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan, don in na bari ya kwana rabin maganganun da Baba ya yi yau zubewa za su yi.

Da safe asibiti muka je a Shika, a duba idon Baba da aka yi wa aikin cire yana, yau sati uku kenan. Alhamdulillah likita ya ce ido ya yi kyau, ya rage masa maganin ɗigawa ya ce sai bayan wata guda. Mun kamo hanya Yaya na tuƙi, mun zo daidai Samaru kenan sai Baba ya ce, "Uwata, tunda Allah ya maido min da ganina, ku shiga da ni jami'a in ga wuri." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Yaya yana da aiki a gari amma ko uffan bai ce ba, ya karya kan mota muka shiga ta babban get.

Rabon Baba da cikin ABU, Jami'ar Ahmadu Bello, ya fi shekara ashirin. Yana saurayi ya fara aikin lebura a gonar gwaji ta Samaru, a nan ya tsufa har ya zama heluma kafin ya yi ritaya, da wannan albashin ya yi mana karatu mu bakwai. Ni kuma shekara huɗu na yi a makarantar, a hostal ɗin Amina na zauna, amma ban taɓa shiga da shi ba ko sau ɗaya sai ranar da muka yi bikin gamawa, ran nan ma cinkoso bai bar shi ya ga komai ba.

Ni na ce mu fara da laburare saboda akwai inuwa da wurin zama. Laburaren Kashim Ibrahim dai, KIL kamar yadda muke ce mata, tana nan yadda na santa, ɗalibai na ta shige da fice da jakunkuna, wasu zaune a dakali suna haddar karatu. Na yi wa ma'aikacin ƙofa bayani, yana ganin Baba da sanda da baƙin tabarau ya miƙe tsaye ya ce "Baba sannunku da zuwa, bismillah," ya nuna mana inda aka jera wasu tsofaffin hotuna da takardu, wasu a jikin allo wasu a cikin akwatin gilashi. Har kujera ya ɗauko masa, Allah ya saka masa da alheri. Baba bai zauna ba.

Ni nake karanta masa abin da ke rubuce ina fassarawa. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426 kacal, tsangaya huɗu, aikin gona da injiniya da shari'a da kimiyya. Ɗari huɗu da ashirin da shida fa! A aji ɗaya na gama-gari da muka yi a shekarar farko mun fi haka yawa. Shugabanta na farko Norman Alexander mutumin ƙasar Niyuzilan ne, masanin kimiyya, kuma sai yau na haɗa cewa hostal ɗin Alex da nake wucewa kullum sunansa ne aka sa. Na ji kunya sosai a raina. Shi kansa Kashim Ibrahim da na yi ta kiran sunansa safe da yamma lokacin jarrabawa, abin da na sani kawai babban mutum ne, alhali malamin makaranta ne daga Borno, ya yi Wazirin Borno, ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 har zuwa juyin mulkin 1966.

Ina cikin karanta shekarar kafuwa sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, gona ta girmi jami'a. Mu muka karɓi jami'a baƙunta." Kuma gaskiyarsa ce. Tun 1922 Turawa suka kafa wurin binciken aikin gona a Samaru, shekara arba'in cif kafin jami'a, shi ne ya koma cibiyar binciken aikin gona ta yanzu, IAR. Shi ya sa ma irin shuka da suke fitarwa duk sunansu da SAM yake farawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga, SAMMAZ na masara, SAMPEA na wake, wato Samaru kenan. Filin da muke tsaye a kai ma kwaleji ce a da tun farkon shekarun 1950, kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya mai rassa a Ibadan da Inugu, ita jami'a ta gada, ta haɗa da makarantar koyon mulki ta Kongo da gonar dabbobi ta Shika da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano wadda daga baya ta zama BUK. Ashe ba daga dajin Allah aka fara ba, haɗa abubuwan da ke ƙasa aka yi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda Baba yake kallon hoto. Ni manyan da ke gaba nake kallo, masu alkyabbar jami'a da hula mai tuntu, Sardauna a tsakiya da rawaninsa a matsayin uban jami'a na farko. Shi kuwa sai ya cire baƙin tabarau, ya rufe ɗaya idon da tafin hannu, ya matso har numfashinsa na yin gumi a jikin gilashi, ya riƙa bin gefe-gefen hoto da bayansa. Akwai wani baƙi da fari, gini ɗaya dogo da fili fetal a gabansa, can baya wasu mutum uku da ba a ma ganin fuskarsu sosai, ɗaya ɗauke da garwa biyu a sanda ya saɓa a kafaɗa, gefensu ƴan tsirrai an kewaye su da ƙaya don awaki. Ya daɗe a kan wannan hoton fiye da duk sauran. Ya ce ba zai rantse ya san su ba amma ya san aikin, ya ce da rani akan aro su daga gona su zo ban ruwa, kowane mutum da layinsa, in itace ya mutu a layinka heluma zai tambaye ka. Sai ya nuna min waje ta ƙofa, maɗatai da darbejiya da suka yi rumfa har rana ba ta taɓa ƙasa, ya ce "Uwata, waɗancan fa da garwa aka raine su."

Sau nawa na zauna a ƙarƙashinsu ina cin gyaɗa ina jiran lakca. Hawaye ne suka cika min ido, na juya kamar ina duba wani allo.

Sardauna kam sau ɗaya ya ce ya taɓa ganinsa, daga nesa, ran da aka sa su share hanya suka shafa wa duwatsun gefen titi farar ƙasa. Da muka zo kan 1966 muryarsa ta sauka. Ya ce cikin azumi ne, suna gona labari ya iso daga Kaduna cewa an kashe Firimiya, kowa ya ajiye fartanya, babu wanda ya sallame su kuma babu wanda ya hana su tafiya. 15 ga Janairu kenan, jami'ar da ke ɗauke da sunansa ko shekara huɗu ba ta cika ba. A shekarar ne Dokta Ishaya Audu ya karɓi shugabanci, ɗan ƙasa na farko, likitan yara wanda ya taɓa zama likitan Sardauna, ya riƙe har 1975. Baba ya ce a zamaninsa ne gine-gine suka yi ta tsirowa kamar an yi shuka.

Akwai tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikin gilashi, takardar ta yi ja-ja gefenta ya fara marmashi. Wannan kam bai bari na karanta masa ba, da kansa ya bi kanun da yatsa a hankali, karo na farko da na ga ya karanta wani abu tun da ido ya rufe masa. A nan Zariya aka kafa ta a 1939, Abubakar Imam na edita. Na nuna masa ɓangaren masu zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da suka kafa ƙungiyarsu a nan a 1958 suna ɗalibai, yanzu duniya ta san su, ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan jaridar.

Ma'aikacin nan ashe yana tsaye yana jin mu, da wasu ɗalibai biyu da suka dakata. Ya ce min Hajiya don Allah ki ɗauki maganar Baba a waya, irinsu sun yi ƙaranci, kuma in akwai tsohon hoto a gida a adana shi da kyau. Sai a lokacin tunanin ya zo min. Na kunna, na samu minti arba'in da ɗaya, wanda ya wuce kafin nan shi nake ƙoƙarin kamawa a rubutun nan.

Da za mu fita Yaya ya zaga da mu ta ginin Sanet da wajen Drama Village, gidan wasan da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa a tsakiyar shekarun 1970, wani Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana. Baba ya sa aka tsaya ya shafa bangon, ya ce hannun maginan Zazzau ne wannan. Bai yarda mu ƙarasa gona ba, ya ce ya gaji, amma ni na ga ba gajiya ba ce.

A mota ya yi ta lissafo sunayen abokan aikinsa yana cewa Allah ya jiƙan wane, Allah ya jiƙan wane, na ƙirga goma sha tara, biyu kaɗai suka rage, ɗaya yana Bomo. Bayan magariba ya sa Inna ta buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, ta ciro hoto ɗaya a cikin leda, samari takwas a tsaye gaban gonar auduga, Baba na biyu daga hagu, siriri, wando a naɗe zuwa gwiwa. Ban taɓa ganin hoton ba. Na ɗauke shi a waya, ya faɗa min sunayensu ɗaya bayan ɗaya na rubuta a takarda na sa a cikin ledar, na bakwai ne kawai ya ɓace masa. Ya ce mutumin Bomo zai tuna. Juma'a bayan masallaci za mu je in sha Allah, Yaya ya ce zai kai mu.