Mashin ɗan Kwatano

Yau na biya kuɗin Honda VFR800 ɗan Kwatano a Bauchi. Da bakanikena ya tayar da shi, sai ya ɗora sukundireba a jikin injin, ya kara kunne, ya yi shiru yana saurare. Can ya ɗago ya ce, "Alhaji, silinda huɗun nan lafiya lau suke, sarƙa ce kawai ta gaji." Wallahi sai da ƙirjina ya yi sanyi.

Amma murnar ta zo da fargaba. Tun 2022 Honda ta daina ƙera irinsa saboda dokokin hayaƙi, kayan gyaransa kuma ba kamar na Bajaj ba ne da ake samu a kowane lungu. Duk da haka, gobe in Allah ya kai mu, hanyar Gombe zan kama da shi, ta Alkaleri.