Laraba: ajin ginin kalma ya kai mu tsaunukan Kaukasus

Ajin ƙarfe goma ya cika maƙil yau, ga zafi tun da hantsi. Darasin kan ɗafi ne, wato guntun da ake liƙa wa kalma a goshi ko a ƙeya, kuma ban so in sake kawo musu manomi da maƙeri da suka haddace tun shekarar farko. Sai na zana taswira a allo: Bahar Aswad ta yamma, Tekun Kasfiyan ta gabas, tsaunukan Kaukasus a tsakani. Malaman Larabawa na da sun kira wurin Dutsen Harsuna. Dangin harsuna uku ne na asalin yankin: na kudu, su Jojiyanci; na arewa maso yamma, su Abkaz da Adige; sai na arewa maso gabas, su Cecen da Awar da Lezgi.

Da Awar na fara, ɗaya daga harsunan Dagestan da ke kudancin Rasha. A wurinsu jinsi a goshin kalma yake zama. Ɗan'uwa wats, 'yar'uwa yats. Yaro was, yarinya yas. Aikatau ma haka yake bi: w idan namiji ne, y idan mace ce, b idan dabba ce ko wani abu, r idan jam'i ne. Nan take suka kama, don mu ma muna da ya zo da ta zo. Na ƙara musu da Jojiyanci, inda midis ke nufin yana tafiya can, modis kuma yana tahowa nan. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Malam, ai fita da fito ke nan, giredi na shida!" Raina ya yi fari da jin haka.

Inda muka daɗe shi ne li'irabin suna, wato yadda ƙarshen suna ke sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla. Duk wanda ya yi nahawu a makarantar zaure ya san Larabci uku gare shi: rafa'u, nasabu, jarru. Da na ce Lezgi yana da 18, Tabasaran kuma ana yawan cewa ya haura 40, aji ya ɗauki salati. Wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malam, to yaya ƙaramin yaro zai riƙe wannan duka a kansa?" Na rubuta mata kalmar Lezgi sew, sunan beyar, dabbar nan ta ƙasashen sanyi. Sewrel, a kanta. Sewrek, a ƙarƙashinta. Sewrew, a wajenta. Idan ka ƙara ay, an baro wurin ke nan: sewrekay, daga ƙarƙashinta. Idan ka ƙara di, an nufi wurin: sewrewdi. Ɗafi ɗaya na faɗin wuri, na biyu na faɗin inda aka dosa, ana jera su kamar tubali kan tubali. Abin da yaro zai koya kaɗan ne, haɗawar ce ke sa lissafi ya kumbura. Masana harshe Bernard Comrie da Maria Polinsky sun yi wannan bayanin tun 1998, kuma ina ganin gaskiya suka faɗa. Ba na son a mayar da harshen mutane abin nuni a kasuwa saboda wata babbar lamba.

Abkaz kuwa, a can gefen tsaunin, kusan ba ya ɗora wa suna li'irabi. Aikatau ne ke ɗauke da wanda ya yi, da wanda aka yi wa, da wanda aka yi dominsa, har kalma ɗaya ta zama jimla sukutum.

Gardama ta tashi ne da na faɗa musu cewa Lezgi ɗan'uwan Awar ne, amma tuni ya yar da bambancin jinsi. Wani ya ce to ai lalacewa ce. Kafin in buɗe baki, wani Bazazzage ya miƙe ya ce, "Malam, mu a gida matan Audu muke cewa, ba matar Audu ba. Ashe tamu Hausar ma ta lalace?" Aka yi ta dariya, amma maganarsa tana kan hanya, don a Hausar Bauchi da ta zangunan Gana ma jinsi ya yi rauni, kuma babu wanda ya kasa fahimtar ɗan'uwansa.

Sai na kawo musu harshen Udi, da ake yi a ƙauyen Nij na Azarbaijan. Shi ma ya rasa jinsi, amma ya tsiro da abin da ba a cika gani ba a duniya: alamar mai magana tana iya kutsawa har tsakiyar saiwar kalma. Saiwar karɓa ita ce aq', alamar ni kuma z, sai a ce azq'e, na karɓa. Masaniyar harshe Alice Harris ta yi littafi guda a kan yadda hakan ya samo asali, a 2002. Harshen da ya lalace ba ya ƙirƙiro irin wannan. Nauyin ne ya tashi daga wani sashe na kalma ya koma wani.

Bayan azahar na zauna a ofis ina duba takardun gwaji, amma hankalina yana kan Ubik, ɗan'uwan Abkaz, mai baƙaƙe kimanin 80 da wasula biyu ko uku kacal. Rasha ta kori masu shi zuwa Daular Usmaniyya a 1864, jikokinsu suka koma Turkanci da Adige. Tevfik Esenç, wanda ya rage yana jin sa sosai, ya rasu a Turkiyya a 1992. Wannan ita ce asarar da ke damuna, ba faɗuwar ɗafi ɗaya ba, kuma ban samu lokacin faɗa musu ba.

Da daddare na shirya aikin gida. Kowa zai je wurin dattijo ko dattijuwa a gidansu, ya rubuto jimloli ashirin yadda aka furta su, kada ya gyara ko da harafi ɗaya. Ranar Litinin za mu jera su a allo, mu ga inda jinsi ya tsaya da inda ya zame daga gari zuwa gari.