Burodin Ista a Zafin Zariya

Bikin Ista ba shi da tsayayyar rana, domin ana yin sa ne ranar Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo a 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Ingila wannan lokaci ne da sanyi ke sassautawa, itatuwa suna fara toho, amma a nan Zariya tsakiyar bazara ce, lokacin da ko ruwan randa yakan yi ɗumi kafin azahar. Ƙaramin burodin nan mai zabibi da kayan ƙamshi, wanda ake zana wa gicciye a ka, daga Ingila ya fito, kuma duk wanda ya bi tsarin Turawa na haɗa shi ido rufe a garin nan, zafi zai ɓata masa kwaɓi.

Mutanen Ingila suna cin sa ne ranar Juma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu Almasihu, a ƙarshen azumin kwana 40. A shekarar 1592, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, an hana masu gidajen burodi a Landan sayar da burodi mai kayan ƙamshi sai a wannan Juma'a, da Kirsimeti, da ranar jana'iza, abin da ya sa mutane da yawa suka koma yin sa a gida. Mu a Wusasa, da ke gefen Zariya, alaƙarmu da majami'ar Ingila ta daɗe, tun daga zaman ɗan mishan Dokta Walter Miller a birnin Zariya a 1905, har mishan ta ƙaura zuwa Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa. Duk da haka burodin bai zama abincin gari ba. Shinkafa da kaza ne abincin Ista a yawancin gidajenmu, shi kuwa sai mai sha'awa.

Domin samun guda 12, ana buƙatar fulawa giram 500, da sukari giram 75, da bota giram 50, da madara mililita 300, da ƙwai ɗaya, da busasshen yis giram 7, da gishiri cokalin shayi ɗaya, da zabibi giram 150. Ban da zabibi, wanda sai an leƙa manyan kantuna kuma yana da ɗan tsada, babu abin da ba a samu a kasuwar Sabon Gari. Turawa sukan sayi kayan ƙamshinsu a haɗe cikin kwalba, amma a ganina wanda aka daka a gida ya fi shi nesa ba kusa ba. Nakan sayi kirfa ta itace, da kanumfari, da busasshiyar citta, da gyaɗar ƙamshi a wurin masu kayan yaji, in daka su a turmi, in tankaɗe. Cokalin shayi ɗaya da rabi na kirfa, da rabin cokali na citta, da rabin cokali na gyaɗar ƙamshi sun wadatar. Kanumfari kuwa ƙwaya uku ko huɗu kawai, domin idan ya yi yawa yakan danne sauran, har harshe ya riƙa yin zugi. Sai a goga ɓawon lemon zaƙi ɗaya a ciki, a tsaya ga koren bayan ko rawayan, kada a kai ga farin da ke ƙasa saboda ɗacinsa.

Zabibin da ke zuwa mana yakan bushe ƙamas, don haka a jiƙa shi cikin ruwan shayi mai ɗumi na kimanin rabin sa'a, a tsane shi sosai. Idan aka zuba shi a bushe, zai shanye ruwan kwaɓin, burodin ya fito da tauri.

Wurin tashin kwaɓi ne aka fi samun matsala. Littattafan girkin Turawa sukan ce a ɗumama madara, a ajiye kwaɓin a wuri mai ɗumi na sa'a ɗaya ko fiye, domin su sanyi ne abokin gabarsu. A watan Afrilu a Zariya, inda zafin rana ke haura digiri 35, wannan shawara ba ta da amfani. Madara mai sanyin randa ta isa, kuma wurin da ya fi sanyi a gidan za a nema. Bayan an murza kwaɓin na minti goma har ya yi santsi ya daina manne wa hannu, a rufe shi da tsumma mai laima, a riƙa leƙawa. Sau da yawa yakan ninka girmansa cikin kusan rabin lokacin da littafi ya faɗa. Hanyar ganewa ita ce a danna shi da ɗan yatsa: idan ramin ya cike nan take, da sauran lokaci, idan ya taso a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi, idan kuwa ramin ya tsaya kwaɓin ya fara sacewa yana warin tsami, an makara. Shi ya sa na fi son in kwaɓa da asuba, in gama gashi kafin rana ta take.

Bayan tashin farko sai a zuba zabibi, a raba kwaɓin gida 12, a mulmula kowanne, a jera a faranti da 'yar tazara, yadda idan sun sake tashi za su taɓa juna kaɗan. Gicciyen ba komai ba ne illa fulawa da ruwa. A dama fulawa giram 75 da ruwa babban cokali biyar har ta yi kauri kamar ƙullun ƙosai, a zuba a leda, a yanke kusurwar kaɗan, a ja layi ɗaya a kan jerin gaba ɗaya, sannan a gitta. Idan ta yi ruwa za ta malale zanen ya ɓace, idan ta yi kauri kuma za ta ƙandare a wuta.

Mai obin zai gasa a digiri 200 na minti 18 zuwa 20. Wanda ba shi da shi, ko wutar lantarki ta ƙi zama, babbar tukunya za ta yi aikin. A shimfiɗa yashi mai tsabta a gindinta, a rufe ta yi zafi na minti goma, a ɗora farantin a kan duwatsu uku yadda ba zai taɓa yashin ba, sannan a zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin saman ya yi ja. Wannan yakan ɗauki kusan rabin sa'a, kuma wutar ƙasa ce abar lura, domin sukari da zabibi suna saurin ƙonewa. Da an sauke, tun yana turiri, a shafa masa zuma da aka sirka da ɗan ruwa.

Tun da babu giya ko wani abin ƙyama a cikinsa, yana cikin kwanon da muke aika wa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma ba su taɓa mantawa da mu da tuwon Sallah da naman layya ba. Na maƙwabta nakan bar shi ba zane, in shafa zuma kawai. Burodi ne da ba a sa masa maganin hana lalacewa ba, saboda haka a wannan zafi ba ya wuce kwana biyu da laushinsa. Wanda ya kwana sai a tsaga shi biyu, a gasa cikinsa a kasko da 'yar bota, a sha da shayi.