Abin da kalandar wurin aiki ta koya min game da mataimakin ƙirƙirarriyar basira

Ranar da na haɗa mataimakin ƙirƙirarriyar basira da kalandar da mu duka muke amfani da ita a wurin aiki, na ɗauka wahalar tsara taruka ta ƙare. Ba a yi mako biyu ba na ce masa ya ɗage taron Talata zuwa Laraba. Ni na wannan makon kaɗai nake nufi. Taron kuwa na mako-mako ne, sai ya ɗage jerin gaba ɗaya, nan take imel ya tafi wa duk wanda sunansa ke ciki. Mayar da taron inda yake bai ci min minti biyar ba. Saƙon da ya riga ya isa wayoyin mutane ne ya zama zarar bunu: wani ya soke ganawarsa ta Laraba, wata ta sake tsarin tafiyarta.

Da na zauna na duba, laifin nawa ne. Idan mutum zai taɓa taro mai maimaituwa da hannunsa, manhajar takan tsayar da shi ta tambaya: wannan kaɗai, ko wannan da masu biye masa, ko dukkansu? Mataimakin kuwa ya amsa wannan tambaya a madadina, don ban ce masa ya dawo min da ita ba. Tun daga ranar na rubuta masa ƙa'ida. Dubawa da neman lokacin da kowa yake da sarari, ya yi abinsa. Amma gogewa, ɗagewa, ko aika gayyata, sai ya fara nuna min sunan taron, kwanan wata, wanda ya ƙirƙire shi, da mutum nawa saƙon zai je wa, ya jira in ce to. Taron da ba ni na kira ba kuma, ba ruwansa da shi, ko da yana da ikon taɓawa.

Batun iko ma na yi sakaci. A Google Calendar matakan izini sun haɗa da: ganin ko mutum yana da sarari kawai, ganin cikakken bayani, yin sauyi, sai kuma sauyi haɗe da ikon raba kalandar ga wasu. Na ba shi na ƙoli don ya fi sauƙi, alhali aikinsa ba ya buƙatar hakan. Na rage. Kwandon shara yana riƙe taron da aka goge kwana 30, wannan ya kwantar min da hankali, amma ba ya janye sanarwar da ta fita.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gayyata daga waje. Kowa zai iya aiko maka da ita, ya rubuta abin da ya ga dama a taken taron ko a bayaninsa, mataimakin kuma yana karanta duka. A watan Agusta 2025 wasu masu bincike kan tsaron intanet sun nuna yadda umarnin da aka ɓoye cikin gayyatar kalanda zai iya juya akalar Gemini, mataimakin ƙirƙirarriyar basira na Google. Shi ya sa na jaddada masa cewa rubutun da ke cikin taro labari ne da zai kawo min, umarni daga gare ni kaɗai yake fitowa. Na san faɗa kawai ba ta isa kariya, don haka na fi dogara da rage izinin da kuma jiran amincewata.

Saura agogo. Amurka takan matsar da nata gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe, don haka a tsakanin nan ratar gabashin Amurka da Ingila takan koma awa 4 maimakon 5. Yanzu duk taron da ya haɗa ƙasashe biyu, sai ya rubuta min lokacin kowane ɓangare kafin in amince ya aika.